Shirun Da Na Yi Wa Yaya

Ina da cikin wata biyar aka gaya min. A shekarar 2011 ne, damina ta yi tsaka, na je awo karo na farko a wani asibitin gwamnati cikin birnin Kano. Babu inda yake min ciwo. Wata ƙawata ce ta matsa min, ta ce cikin fari ba a yi masa ganganci. Aka tara mu a rumfa, wata ma'aikaciya tana bayanin gwaje-gwajen da za a yi, rabinmu na hira rabi na gyangyaɗi. Aka soki yatsata aka ɗiga jinin a wani ɗan abu. Da aka zo kiran suna, kowacce sai a miƙa mata katinta ta wuce. Ni aka ce in ɗan jira.

Sistar da ta shigar da ni ɗaki dattijuwa ce, ta kusa haihuwar uwata. Ta tura ƙofa, ta jawo kujerarta kusa da tawa, ta ce, "'Yata, kin san cuta mai karya garkuwar jiki?" Na ce na sani, ƙanjamau. A unguwarmu ko sunan ba a cika kamawa ba, sai dai a rage murya a ce "kabari kusa". Ta ce an maimaita gwajin da wani abin gwaji daban, duka biyun abu ɗaya suka nuna.

Ban yi kuka ba. Kalandar da ke jikin bango na ƙura wa ido, ina ƙirga watanni, ina tunanin ko zan kai ranar haihuwa. Shekarata 21, aurena shekara biyu, ban taɓa sanin wani namiji ba sai mijina.

Abu biyu ta gaya min kafin in fita. Na farko, abin da ke cikina za a iya tsare shi in na riƙe magani. Na biyu, in zo da mai gidana, in kuma ina da abokiyar zama ita ma a kawo ta. Na ce ina da ita. Ta kalle ni ta saman tabarau ta ce, "To kada ki manta da ita."

Kwana biyu na riƙe maganar a cikina sai da girki ya dawo kaina. Na bari Malam ya ci tuwo ya wanke hannu, sannan na ce, "Malam, akwai saƙon da aka ba ni daga asibiti." Na faɗa masa. Na zaci zai zabura, ko ya yi salati, ko ma ya tuhume ni. Ko ɗaya bai yi ba. Ya daɗe yana kallon tabarma, sai ya ce, "Wa kika gaya wa?" Na ce babu kowa. Ya ce, "To ki je ki karɓi maganinki, zan riƙa ba ki kuɗin mota. Amma in maganar nan ta fita daga ɗakin nan, ko Yayarki ce ta ji, a bakin aurenki."

Na ce shi ma an ce ya zo. Ya ce shi da rumfa a Kantin Kwari, kowa ya san shi, a gan shi a wannan layin? Gara ya mutu da mutuncinsa.

Har ya koma ga Allah ban tambaye shi inda ya samo ta ba, ba kuma zan zauna yanzu in yi masa shari'a yana kabari ba. Da jama'a sun ji sunan cutar sai hankalinsu ya tafi wuri ɗaya, alhali ana ɗaukarta ta ƙarin jinin da ba a tantance ba, ta allurar da aka yi wa wani aka sake amfani da ita, ta wajen uwa, ta auren sunna kamar yadda ni na same ta. Abin da na riƙe shi da shi ɗaya ne: ya hana a faɗa.

Yaya ta girme ni da shekara goma sha biyu, 'ya'yanta huɗu lokacin da aka kawo ni. Da irin kishiyar da ake ba da labari ce, mai habaici da yada magana, da na samu abin fakewa. Ba haka take ba. Ita ta koya min yadda Malam yake son miyarsa. Da nake laulayi ita take dama min kunun tsamiya ta aiko yaro da shi, ranar girkina in na kasa ta karɓa ba tare da ta gaya wa kowa ba. Wannan matar na riƙa gaisarwa kullum safe, "Yaya ina kwana," da abin da na sani a cikin cikina.

Aka auna min abin da suke kira CD4, wato sojojin jini masu tsare jiki, aka samu 230. Aka ɗora ni a kan magani, safe da dare, ƙarfe takwas da ƙarfe takwas, da Septrin ƙwaya ɗaya. Cikin kwallar jerena ta can ƙasa nake ɓoye robar. Ƙwayoyin suna da ƙara in an motsa su, kacau-kacau, a cikin dare kuwa sai in ji kamar duk gidan sun ji, don haka na cusa auduga a ciki. Bayan wata biyu na fara ganin jiri, tafin hannuna ya yi fari fat. Ashe ɗaya daga cikin magungunan, zidobudin, yana rage jini ga wasu mutane. Aka canza min. Yaya kuwa tana ta dafa min zogale da alayyahu, wai ciki ne yake shanye min jini.

Ranar karɓar magani da asuba nake fita. Kafin ƙarfe bakwai benci ya cika, mata da yawa cikin niƙabi, har waɗanda ka san a unguwarsu ba sa sakawa. Akwai masu zuwa daga Jigawa da Katsina, ba don babu magani a garinsu ba, sai don kada a gan su. 'Yan Kano kuma wasu can suke tafiya. Wata rana na ɗaga kai sai muka haɗa ido da wani magidanci na layinmu, mutumin da ba ya rasa sahun gaba a masallaci. Ya kawar da kai, na kawar. Shekara goma sha huɗu ke nan, ko da wasa maganar ba ta taɓa haɗa mu ba, sai dai in mun gamu gaisuwarsa ta fi ta kowa tsawo.

A asibiti na haihu, kamar yadda aka umarce ni. A daren na ga halin mutum iri biyu. Wadda ta fara karɓata ta buɗe katina, ta ɗaga murya ta kira abokiyar aikinta daga ƙarshen ɗaki ta ce a kawo mata ƙarin safar hannu, wannan irin "mutanen nan" ce. Duk matan da ke kan gadaje suka juyo. Na fi jin zafin wannan a kan naƙudar. Da aka yi canjin aiki sai wata ta zo, yarinya ce ma, ta riƙe hannuna tana cewa "Sannu Anti, saura kaɗan," ita ta karɓi haihuwar, ta goge 'yar ta ɗora min a ƙirji. Ban san sunanta ba, amma ba na sallar da ba na sa ta a addu'a.

Aka ba ni wani magani na ruwa in riƙa ɗiga wa jaririya kullum har sati shida, aka ce nono zalla wata shida, ko ruwa kada ya shiga bakinta, domin gaurayawa yana ƙara haɗarin ɗauka. To fa, a gidan Bahaushe ka ce ba za a ba jariri ruwa ba! Surukata, Inna, ta kawo rubutu da zuma, na ce likita ya hana. Ta ce ita da ta raini takwas yau za a koya mata? Ko wankan jego zan shiga sai na goya 'yar ko na kai ta ɗakin Yaya na ce don Allah kada a ba ta komai. Yaya ta tsaya min, ba tare da ta san dalili ba. Ta ce, "Inna, a bar ta, 'yan zamani ne, haka ake musu yanzu."

Sati shida aka soki dunduniyar yarinyar aka ɗiga jinin a takarda aka aika da shi. Sakamako ya yi kusan wata biyu bai dawo ba. Da ya zo, babu. Aka sake da ta cika wata goma sha takwas, babu. Yau tana ƙaramar sakandare, ta fi ni tsawo, ba ta san ciwon da ya wuce zazzaɓin damina ba.

Kafin wannan sakamako na ƙarshe ya zo, Yaya ta samu ciki.

Nan ne wurin da na fi jin nauyin faɗa, kuma saboda shi na zauna rubuta wannan. Sista ta riga ta gaya mana a wajen awo: in uwa ba ta shan magani, cikin jarirai 100 tsakanin 15 da 45 za su iya ɗauka, a ciki ko wajen haihuwa ko ta nono, in tana sha yadda ya kamata kuwa, ba sa kai 5 ba. Na san wannan lissafi kamar yadda na san Fatiha. Na ce wa Yaya, "Yaya, da kin bi ni awo ko sau ɗaya ne." Ta yi dariya ta ce, "Amarya ke nan. Huɗu na haifa a ɗakin nan, ungozoma sai yankan cibi." Na koma wajen Malam na durƙusa, ya ce zai duba. Na kai kuka wajen Sista, ta ce su ba su da ikon zuwa gida su gaya mata, amma in kawo ta da kowace irin dabara, sauran aikin nasu ne. Na shirya dabarar, na ce ana raba gidan sauro kyauta ga masu ciki, wanda kuma gaskiya ne. Yaya har ta yafa mayafi, Malam ya ce babu inda za ta, shi zai sayo mata gidan sauron.

Daga nan na saki. Na gaya wa kaina ina za ni da goyo in an sake ni, mahaifina ya rasu, mahaifiyata tana ƙauye ita ma ciyar da ita ake yi, wa zai ba ni kuɗin motar zuwa karɓar magani? Na gaya wa kaina wataƙila Yaya ba ta ɗauka ba, ai ana samun haka tsakanin ma'aurata. Duk dalilan nan gaskiya ne. Amma duk dare in na buɗe kwalla na haɗiyi ƙwayata, na san a ɗakin da ke kallon nawa akwai wadda ya kamata ita ma tana haɗiya. A farkon 2013 ta haifi namiji a ɗakinta. Ni na dafa ruwan da aka yi masa wankan farko.

A wannan shekarar jikin Malam ya fara gazawa. Tari, zufar dare har sai an canza zanin gado, rama kamar ana zuƙe shi. Dangi suka ce jifa ce, 'yan kasuwa ne suka yi masa saboda rumfa. Ya shiga hannun wani mai magani da ke sayar masa da wani baƙin ruwa a jarka, kowace jarka kuɗin da zai ciyar da gidan sati biyu. Sai da rabin jarinsa ya tafi. Ranar da ya kasa tashi aka ɗauke shi ranga-ranga zuwa asibitin da ya rantse ba za a gan shi ba. Aka ce tarin tibi ne ya ci huhunsa, garkuwar jiki kuma ta ƙare. Tibi ana warkewa, wata shida ne magani kuma kyauta, amma shi an makara. Kwanansa tara a gado. A daren da nake jinya ya ce min, "Ki roƙar min Yayarki gafara." Bai ce in gaya mata ba, ko a lokacin.

Muna cikin takaba yaron ya cika wata takwas. Zawo ba ya tsayawa, bakinsa ya yi fari kamar an shafa alli, wuyansa ya saki. Yaya ta ce haƙori ne. Wani dare bayan masu gaisuwa sun watse, na ɗauko robar daga kwalla, na cire audugar, na shiga ɗakinta na ajiye a gabanta. Ta ce menene wannan? Na gaya mata. Duka na gaya mata, har da abin da ya kashe Malam.

Ta ce, "Tun yaushe?"

Na ce tun ina da cikin 'yata.

Na ga tana lanƙwasa yatsu tana ƙirgawa. Sai ta kalli yaron da ke cinyarta ta ce, "Ashe kina zaune kina kallona ina ba shi nono." Ba ta ɗaga murya ba. Da ta zage ni ko ta mare ni da ya fi min sauƙi. Ta ce in fita mata daga ɗaki.

Gari bai gama wayewa ba na ji an buga ƙofata. Ita ce, da goyo, da hijabi. Ta ce, "Tashi ki kai mu." Iyakar abin da ta ce ke nan har muka je muka dawo.

Tana da ita, yaron ma yana da ita. Manyan huɗun Allah ya tsare su. Aka ɗora su biyun a kan magani. Na yaron ruwa ne mai ɗacin tsiya, wanda ake so a ajiye a wuri mai sanyi, mu kuwa ba firiji ba wuta, sai muka binne kwalbar a jiƙaƙƙen yashi gindin randa. In an ɗura masa sai ya furzar, ya yi ta kakari. Wata ma'aikaciya ta koya mana a lakata masa tunkuza a harshe kafin a ba shi. Ni nake riƙe hannuwansa, Yaya tana ɗurawa, ba mai ce wa wata uffan. Yaran yanzu sun huta, nasu ƙwaya ce mai narkewa a ruwa, har da ɗan zaƙi. Cikin wata uku yaron ya fara zama, kumatu suka fito.

Fiye da wata biyu Yaya ba ta amsa gaisuwata. Maganin da aka ba ta irin na sau ɗaya ne da dare, mai ifabirenz a ciki, wanda a makonnin farko yake sa jiri da mugayen mafarkai. Wani dare na ji tana salati da ƙarfi, na shiga na same ta a takure jikin bango, wai bangon ɗakin yana tafiya, aljanu ne suka zo mata. Na ce mata maganin ne, zai lafa, an gaya mana a asibiti. Na juya zan fita ta ce, "Ban yafe ba tukuna. Amma zauna." Na zauna har aka kira assalatu. Ban san ranar da ta yafe ba, ba ta taɓa furtawa ba, ni kuma ban da bakin tambaya.

Magana ba ta ɓuya. Wajen rabon gado wani daga cikin dangi ya ga takardun asibitin Malam, kafin sati unguwa ta ɗauka. Gidan Inna aka ware mana kofi, na roba, shuɗi, ana rataye shi a ƙusa daban. An hana jikokinta cin abinci kwano ɗaya da 'ya'yanmu, har da waɗanda ba su da komai. Cutar nan ba a ɗaukarta ta kofi, ko kwano, ko musabaha, ko cizon sauro, amma je ka gaya wa wanda tsoro ya riga ya shige shi. Yaya tana suyar waina a ƙofar gida, da safe har layi ake yi. Cikin kwana goma ta koma zubar da ƙullu. A 2014 aka sa hannu a dokar da ta haramta nuna wariya ga masu wannan cuta a Najeriya, a wurin aiki, a makaranta, a asibiti. Doka ce mai kyau, na ji daɗinta, sai dai babu dokar da za ta tilasta wa mutum sayen wainarki. Muka sayar da kasonmu na gidan, muka kama hayar ɗaki biyu a wata unguwa can bayan gari inda ba a san mu ba. Ta koma suyarta, ni na sayi keken ɗinki.

Abubuwa sun canza sosai a asibiti tun daga lokacin, kuma adalci ne in faɗa. A da sai garkuwarka ta yi ƙasa ake ɗora ka a kan magani. Daga 2016 duk wanda aka samu da ita nan take ake fara masa. Wajen 2019 aka mayar da mu kan wanda ake kira TLD, ƙwaya ɗaya a rana, babu jiri babu mafarki. Azumi ma ya zo da sauƙi, bayan buɗa-baki nake sha, ba kamar da ba da nake ta lissafin yadda zan raba safe da dare. Lokacin korona aka fara ba mu na wata uku a haɗe, daga baya na wata shida ga wanda jininsa ya yi kyau, sai zuwa asibiti ya koma sau biyu a shekara.

Ana ɗibar jininmu a auna yawan ƙwayar cutar. Ranar da aka fara ce min tawa ta yi ƙasa har na'ura ba ta ganinta, sai da na sa aka maimaita min. Likita ya ce wanda ya kai wannan matsayi kuma ya riƙe shi, ba ya sa wa abokin aurensa. Amma ya ja kunnena cewa ba warkewa ba ce, tana nan a laɓe, da an daina magani za ta taso. Akwai wata a ƙungiyarmu ta masu ɗauke da cutar da ta ji "ba a gani" ta kai takardar wajen wani mai addu'a, ya ce mata ai shi ke nan an karɓa. Ta ajiye magani. Ba ta rufa shekara biyu ba muka je ta'aziyyarta. Ni ma ina addu'a, kullum, da ƙwayar a hannuna nake yin bisimilla.

Kada kuma a ji "kyauta" a ɗauka babu kashe kuɗi. Maganin kyauta ne, amma kuɗin mota naka ne, gwajin ƙoda da na hanta sau da yawa naka ne, in wani ciwo daban ya same ka kai da aljihunka. Na yi ƙiba a kan sabon maganin, yanzu ga hawan jini, shi kuma nasa maganin saye nake yi. Kuma har gobe akwai ragowar tsohon hali. Na je cire haƙori na faɗi gaskiyar halin da nake ciki, ni na fara zuwa amma ni aka gani ƙarshe, wai sai an gama da kowa. Washegari na ji kamar in daina faɗa. Ban daina ba.

A 2018 na sake aure. A ƙungiyar masu ɗauke da cutar muka haɗu, matarsa ta rasu ta bar masa biyu. Tun kafin ya kawo kuɗin gaisuwa kowa ya san takardar kowa. Na haifa masa biyu, duka lafiya ƙalau. Yaya ta ce ita ta gama aure, amma ita ta yi min jere, ita ta yi min wankan jego duka biyun. A 2024 gwamnatin Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure, ƙanjamau da ciwon hanta da sikila da sauransu. Ina goyon baya ɗari bisa ɗari. Roƙona kawai a riƙe sirrin sakamako, kuma a daina ɗauka cewa wanda aka samu da ita aurensa ya ƙare. Sannan gwajin ranar ɗaurin aure ba ya tsare matar da ta shekara goma a ɗaki, irin Yaya.

Shekaru huɗu na yi ina aikin sa-kai a wajen awo, ina zama da matan da aka gaya wa sakamakonsu a ranar, ana ba mu ɗan alawus. In mace ta gama kukanta, tambayata ta farko ita ce, "Kina da abokiyar zama?" In ta ce e, sai in ba ta labarin nan, ba na rage komai. Wasu sun kawo nasu. Wasu sun ce ba za su iya ba, ban kuma taɓa ganin baƙinsu ba, na san irin ɗakin da za su koma.

A watan Janairun 2025 muka ji a rediyo shugaban Amurka ya dakatar da tallafin da ƙasarsa ke bayarwa waje. Kaso mai yawa na maganinmu daga shirinsu na PEPFAR yake zuwa, wanda aka kafa tun 2003, ga shi binciken da aka yi a 2018 ya ce mu kusan miliyan 1.9 ne a ƙasar nan. A daren Yaya ta kira ni, ko sallama ba ta yi ba ta ce, "Nawa suka rage miki?" Na zazzage a faranti na ƙirga, 47. Ta ce ita za ta riƙa tsallake kwana ta tara wa yaron. Na ce kul, Yaya, haka ake sa cutar ta bijire wa magani, ku duka ku rasa. Alhamdu lillahi a wajenmu magani bai yanke ba, amma alawus ɗinmu ya tsaya, waɗanda suke bin mutane gida in sun daina zuwa su ma aka sallami wasunsu. Tun daga ranar na fara tambayar kaina yadda aka yi ran mutum miliyan biyu yake rataye a sa hannun wani da ke wata ƙasa.

Yaron yanzu shekararsa goma sha biyu, yana buga ƙwallo, ya kusa sauke Alƙur'ani. Duk tsawon shekarun nan an gaya masa maganin ƙarin jini ne. Kwanakin baya ya kwafi sunan da ke jikin robar ya sa a wayar yayansa. Yaya ta kai shi asibiti, ita da wata Sista suka zaunar da shi suka yi masa bayani yadda ya kamata. An ce bai yi kuka ba, tambayoyi ya yi ta yi: zai iya aure, zai iya aikin soja, zai kai tsufa.

Ran Juma'ar da ta wuce na je gidan da yamma na kai musu ɗinki. Muna zaune a tabarma bayan isha'i sai ya ce, "Anti, ubanmu ɗaya da 'yarki. Me ya sa ni na samu ita ba ta samu ba?"

Yaya ta yi caraf ta ce, "Ƙaddara ce, kowa da tasa. Tashi ka kawo min..."

Na ce, "Yaya, bar ni in gaya masa."

Na gaya masa ni na sha magani ina da ciki, mahaifiyarsa ba ta sha ba domin ba ta sani ba. Na gaya masa ni na sani, an hana ni faɗa, na ji tsoro, na yi shiru har aka haife shi. Ban ambaci dalilaina ba, shi ma bai tambaya ba. Ya daɗe yana tsinkar bakin tabarma. Sai ya ce, "To."

Ƙarfe tara ta yi, ƙararrawar wayata da ta Yaya suka tashi tare. Ya miƙe ya ɗebo ruwa a randa, ya haɗiyi tasa ƙwayar, ya miƙa wa uwarsa kofin ta sha. Na zaro tawa daga jaka. Ya koma ya ƙaro ruwa, ya zo ya ajiye kofin a gabana bai kalle ni ba, ya shige ɗaki.